Ki Faɗi Kuskuren, Ko Da Na Babanki Ne

Gazawa, ranar Laraba bayan la'asar

Uwata,

Assalamu alaikum. Sannu da hanya, sannu da gajiya. Na san ba za ki ga wannan takarda ba sai kin sauka Yamai kin kwance kaya, don na ce wa innarki ta cusa ta cikin ledar yaji da kuka, can ne na tabbata hannunki zai fara zuwa. Allah Ya sa kin isa lafiya, Ya sa direbanku mai hankali ne, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin masauki, Ya haɗa ki da maƙwabta nagari. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Labarin gida ba zan ba ki ba, don ba abin da ya faru da ba a gabanki ya faru ba.

Za ki ce me ya kai Baba ga takarda alhali ga waya. To, saƙon murya dai kin san ban iya shi ba, rabinsa tari ne, rabinsa "to, to". Baki da baki kuma, ni da ke ba mu saba ba. Na yi shekaru ina tsaye gaban allo a kolej ɗin Agiye ina koyar da lissafi, ba wanda ya taɓa cewa Malam ba shi da baki. Amma ke da kike ɗauke da sunan mahaifiyata, in na zo yi maki magana mai nauyi sai harshena ya riƙe. Ke ma da na fara sai ki sunkuyar da kai kina wasa da bakin mayafi. Shi ya sa na ɗauko bik, alƙalamina, na zauna rubutu.

Kafin komai, ki sani ina cikin farin ciki. Wallahi ranar da aka kira ki aka ce an ɗauke ki aiki, na shiga ɗaki na yi sujada, na fito ina ta yi wa akuyoyi faɗa don kada a ga idona. Innarki ta biyo ni ta ce, "Malam, wai aikin me ne ma suka ba ta? In mata sun tambaye ni me zan ce?" Na ce ki ce masu aikin gwajin manhaja. Ta ce in yi mata Hausa. Sai na nuna mata akwatin buga bulo da magina suka bari bayan ɗaki. Na ce, su masu rubuta wa kwamfuta aiki, ba bulo ɗai-ɗai suke yi ba, akwatin suke ƙerawa, su suna ce mashi kilas. In an ƙera kilas na manomi, duk manomin da za a shigar a kwamfuta daga cikinsa zai fito, da irin bayanansa da irin ayyukan da zai iya yi. In akwatin ya karkace, duk bulon da ya fito karkatacce ne. Aikin ɗiyarki shi ne ta ɗauki akwatin da wani ya ƙera ta gwada shi ta ko'ina, har ta gano inda ya karkace, ta je ta gaya wa mai shi. Innarki ta ce, "Ta gaya wa mai shi? Ita Uwani?" Ta yi dariya ta koma madafa.

Wannan dariyar ce ta sa ni rubutu, don ni ma abin da ke raina ke nan.

Kin tuna kwanakin baya, da na ba ki manhajar da na rubuta wa haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoma, wadda ake rabon iri da ita a mangaza, wato ɗakin ajiyar ƙungiya, tamu ta nan da ta Agiye da ta Cadakori. Na ce ga sabon gyaran da na yi don rabon bana, ki duba mani tun da ke ce mai sabon ilimi. Kika zauna a rumfa da kwamfuta bisa cinya. Ina gefe ina gyaran igiyar guga, amma ina kallonki. Kika yi ta aiki hankali kwance, can sai kika tsaya. Kika koma baya, kika sake, kika kuma tsayawa. Kika sa bakin mayafi a baki kina cizo, yadda kike yi tun kina ƙarama in lissafi ya ƙi fita. Na ce, "Yaya dai, Uwata?" Kika ce, "Baba, aiki ya yi kyau." Kika rufe kwamfuta kika tafi taya innarki tsince shinkafa.

Kin ga wani abu, kika haɗiye. Ban ji haushi ba, tarbiyyar da muka ba ki ke nan, kuma ina alfahari da ita. Sai dai aikin da kika tafi yi a Yamai akasin wannan ne. Can za a zaunar da ke gaban aikin mutanen da suka girme ki, wasu da furfura irin tawa, kuma abin da aka ɗauke ki ki yi shi ne ki ce masu ga inda kuka yi kuskure. In kika tafi da wannan shirun, ko dai aikin ya kuɓuce maki, ko kuwa ki riƙe aikin amma kuskure ya wuce ta gabanki ya je ya faɗa kan mutanen da ba su san ma kina duniya ba. Na biyun nake tsoro, don na ga yadda yake da idona.

Kin san ni da girmana na koyi wannan sana'a. Gemuna ya fara fari aka tura mu horo Maraɗi, na zauna benci ɗaya da waɗanda na haifa. Abin ya shiga raina sosai, har innarki tana cewa kwamfuta ta ƙwace mata miji. Da ƙungiya ta nemi in rubuta mata abin da zai riƙe bayanin wanda ya karɓi iri da wanda bai karɓa ba, ji na yi kamar an naɗa ni sarauta. Na zauna na ƙera kilas-kilas ɗina: na manomi, na gona, na iri, na mangaza. Na gwada su kuwa, kada ki ce ban gwada ba. Sai dai irin gwajin mai son a yabe shi na yi. Na ba kowane kilas abin da na san zai iya haɗiyewa, ya haɗiye, na ce ma sha Allah.

Na gona shi ya fara tona ni, kuma abin dariya ne. Na tsara shi gona ɗaya, shuka ɗaya. Ni da na tashi ina bin kakanki a gandu, hatsi a nan, wake a tsakani, yakuwa a gefe, riɗi can ƙarshe. Manomi na farko da ya zo ya ce gonarsa hatsi da wake, da aka rubuta wake sai hatsin ya ɓace. A ranar na gani, a ranar na gyara, ba wanda ya cutu. Abin da na koya kaɗan ne amma ki riƙe shi: kafin ki gwada kilas, ki rufe kwamfuta ki tuna yadda abin yake a waje, a gonar gaske, sannan ki ba shi wannan.

Na manomi shi ne babba. A cikinsa na rubuta wani ɗan aiki mai amsa tambaya guda: waɗannan biyun mutum ɗaya ne ko mutum biyu? Dole a yi shi, don kada wani ya karɓi iri ya zagayo ya sake karɓa. Na ce a duba suna, a duba gari, a duba sunan uba in namiji ne, sunan miji in mace ce. In duk sun zo ɗaya, mutum ɗaya ne. Na gwada da Musa ɗan Isa, na gwada da Isa ɗan Musa, na gwada da Musa biyu masu uba daban. Duk ya fita daidai. Duk maza, kuma duk da sunayensu cikakku.

Aka fara rabo. A Cadakori mai riƙe da mangaza Laminu ne, tsohon ɗalibina, a lokacin ma magidanci ne da iyalinsa. Duk sanda na kira shi na ce yaya aiki, sai ya ce, "Lafiya lau, Malam, Allah Ya ƙara basira." Ni kuwa in kumbura.

Sai bayan an yi shuka, hatsi ya kai gwiwa, aka yi wani suna nan unguwarmu. Gwaggonki Hajo ta zo daga Cadakori. Kin san ta, taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, tun muna yara take ce mani bawanta, kuma ba ta taɓa ganina ta bar ni na wuce lafiya ba. Ina zaune cikin maza a ƙofar gida ana rabon goro, ta tsaya daga nesa ta riƙe ƙugu, da wannan Gobirancin da ta kwaso a gidan miji.

Ta ce, "Malam mai inji, ashe mu Hajarun garinmu duk mace guda muke? To ka zaka ka zaɓi wadda ka fi so, sauran mu shuka tsakuwa."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, na ɗauka tsiyarta ce ta kullum. Na ce, "Ke dai ba ki rabo da neman magana. Me injin ya yi maki?"

Ta ce, "Munka tai karɓar irin wake na gamana, 'yan gonakinmu na mata, anka ba Hajara ta farko. Da anka zo kaina, injinka ya ce na riga na amsa. Ta bayana ma ya ce ta amsa. Zainabu ma guda ɗai ya sani duk garin."

Ban yarda ba tukuna. Na ce, "Ai akwai wurin sunan miji. Me ya hana ku faɗin sunan mazanku?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ka taɓa jin matarka ta kira sunanka?"

Uwata, aka sake fashewa da dariya, amma ni ban samu bakin yi ba. Tun ranar da aka kawo innarki gidan nan ban taɓa jin sunana a bakinta ba, Malam ne kawai. A cikin gidan nan na zauna na rubuta kilas ɗin, tana kawo mani fura tana cewa "Malam, ga shi", kuma bai taɓa zo mani a rai ba cewa mace za ta tsaya gaban magatakarda, cikin mutane, ta ƙi faɗin sunan mijinta. Matan sun ƙi faɗa, Laminu ya bar wurin babu komai, kilas ɗina ya ga Hajara ta Cadakori matar babu-kowa, da wata Hajara ta Cadakori matar babu-kowa, ya ce ai mace ɗaya ce.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa tasha, na kama motar Maraɗi, daga can na wuce Cadakori. Na sami Laminu na ce, "Ka san da wannan?" Ya sunkuyar da kai ya ce ya sani tun ranar farko. Waɗanda ya gane da ido ya auna masu a ɓoye bai shigar ba, waɗanda bai sani ba ya ba su haƙuri. Na ce, "To me ya hana ka gaya mani?" Ya ce, "Malam, kai ka koya mani ƙidaya. Da wane baki zan ce aikinka bai yi ba?" Matan su ma ba su kai ƙara ko'ina ba. Wa zai tsaya gardama da inji, injin ma na Malam. Wasu suka roƙi iri wurin dangi suka shuka a makare, wasu gamanarsu ta kwana ba wake a shekarar. Kin san abin da waken gamana yake ga mace, da shi take rufa wa kanta asiri har rani ya fita.

Ki duba ki gani. Kowa a cikin labarin nan mutumin kirki ne. Matan sun yi kunya, Laminu ya yi ladabi, ni na yi aiki da zuciya ɗaya. Duk garin ba wanda al'ada ta ba damar ya dube ni ya ce ka yi shirme sai mace ɗaya, ita ma don wasan taubasai ne. Da Hajo ba ta zo suna ba, da an kuma wata damina a haka. Har yau in na gan ta sai ta ce, "Ina Hajara guda?" ni kuwa in ba ta goro, don ita ke da gaskiya.

Daga nan na canza yadda nake gwaji, kuma shi nake so ki riƙe ko da malamanku sun riga sun gaya maki da manyan kalmomi. Kowane kilas, fara ba shi abin da kike fatan kada ya zo. Wurin da aka ce a cika, bar shi babu komai ki ga abin da zai yi. Ba shi abu biyu masu kama da juna sak. Ba shi sifiri, ba shi abin da ya wuce iyaka, ba shi abin da ke daidai bakin iyaka. Kuma duk inda kika ga kilas yana yanke hukuncin cewa wannan da wancan abu ɗaya ne, ki zauna nan ki daɗe. Yanzu kowane manomi lamba gare shi, ba ruwan kwamfuta da sunan mijin kowa.

Akwai wani kuma da ya kusa ɓata sunan bawan Allah. Kilas na iri shi ne uwa, a ƙarƙashinsa na fitar da na hatsi, na dawa, na wake, na gyaɗa, kowanne ya gaji ayyukan uwar. Cikin abin da suka gada har da mai juya tiya zuwa kilo, don mutanenmu da tiya suke awo, ƙungiya kuma kilo take so a rubuce. Na gwada shi a uwar, na gwada a hatsi, ya yi daidai. Na ce sauran ai gado suka yi, me zan sake gwadawa. To tiyar gyaɗa mai ɓawo ina ita ina nauyin tiyar hatsi. Kwamfuta ta riƙa nuna gyaɗa a mangaza fiye da wadda ke ƙasa. Aka fara ƙus-ƙus a taron ƙungiya, ana kallon Laminu ta wutsiyar ido. Allah Ya taimake ni wannan karon ni na fara zargin kaina kafin a zargi wani da baki. Na ɗauki tiya da sikeli na auna, abin ya fito fili. Na tashi a taro na ce gyaɗa ba ta ɓace ba, lissafina ne ya ƙara ta. Saboda haka kada ki yarda da aiki don kawai an gwada shi a kilas na sama. Duk wanda ya gaje shi, ki sake gwada shi a can, da kayan can. Aiki ne mai gundura, na sani, ki yi shi haka nan.

Na shekarar da ruwa ya yaudare mu kuwa kin isa tunawa. Aka yi ruwan farko mai kyau, kowa ya shuka, sai sama ta ɗauke, tsiro ya ƙone. Mutane suka dawo neman iri na biyu, ƙungiya ta yarda a ba su, manhaja ta ƙi. Aikin bayarwa lafiyarsa lau, aikin karɓar abin da aka mayar bayan girbi shi ma lafiyarsa lau, kowanne na gwada shi shi kaɗai. Abin da ban gwada ba shi ne a bayar, a sake bayarwa, kafin a mayar. Ni a kaina manomi karɓa yake, ya shuka, ya girbe, ya mayar, kamar damina tana bin tsarina. Ki riƙa jera ayyukan kilas ta hanyar da mai shi bai zata ba: na ƙarshe a farko, ɗaya sau biyu, a fara a fasa a tsakiya. Kuma da na yi gaggawar gyara wannan, sai na buɗe ƙofar da na toshe tun farko, mutum ya iya karɓa a Gazawa ya je Agiye ya kuma. Tun daga ranar, ko ɗigo na taɓa, sai na sake bin duk gwaje-gwajen da na tara tun daga na Hajo.

Na cika ki da surutu, kuma na san yawancinsa kin fi ni saninsa. Na ga yadda yatsunki ke tafiya, na ga gwaje-gwajen da kika rubuta da ban ma san ana yin irinsu ba, na ji daɗi har cikin raina. Ganowa ba za ta ba ki wuya ba. Faɗin ne.

To ga yadda nake ganin za ki yi. Ke ba taubashiyar kowa ba ce a buro ɗin nan, wurin aikinku, saboda haka kada ki yi irin na Hajo, ki tsaya cikin taro ki riƙe ƙugu. Ki sami mutum shi kaɗai in da hali. Ki gaishe shi yadda aka koya maki, ki tambayi iyali. Sannan ki ce abu uku kawai: ga abin da na ba kilas ɗin, ga abin da na zata zai fito, ga abin da ya fito. Kada ki ce "ka yi kuskure", kada kuma ki ce "wataƙila ni ce ban gane ba" alhali kin gane. Ki nuna mashi ya gani da idonsa, ki yi shiru. In ya yi fushi, fushin na ɗan lokaci ne, ni ma na yi wa Hajo fushi har na isa tasha. In ya ce ba kuskure ba ne, ki saurara da kyau, don wani lokaci shi ke da gaskiya, gwajin ne ya karkace. In kin tabbata kuma, ki rubuta shi inda ake rubutawa, da sunanki a ƙasa.

Abu biyu kada ki yi. Kada ki gyara wa mutum a ɓoye don ki rufa mashi asiri, irin awon da Laminu ya yi. Alheri ne a ido, amma mai aikin bai koyi komai ba, gobe zai sake ƙera wani akwatin da irin wannan karkata. Kuma kada ki ji daɗin kuskuren wani. Akwai masu gwaji da in sun kama abu sai fuskarsu ta yi haske kamar an yi masu bushara. Mutum ya zuba ƙarfinsa a aikin nan, ki tuna da babanki da furarsa a gefe yana jin shi gwani ne.

Sauran kuwa kin sani. Ki riƙe salla a kan lokacinta ko da aiki ya taru. Ki ci abinci mai zafi, kada ki rayu da burodi da shayi. Ki ɗaga ido daga kwamfuta lokaci-lokaci ki dubi nesa, kada ki zama kamar ni da tabarau biyu. Ki riƙa kiran innarki, ba za ta ce tana kewarki ba, amma na san da kin tafi za ta riƙa zuba tuwo ya yi yawa. Kunyarki kuma ki riƙe ta, ado ce gare ki, ban ce ki bar ta a tasha ba. Wuri ɗaya tak na ce ki ajiye ta.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa yi maki maganar nan baki da baki. Wataƙila kina karantawa kina cewa Baba ya san inda kuskuren yake, jarraba ni yake yi. Ba haka ba ne. Tun ranar da kika rufe kwamfutar nan nake nema. Na bi kilas na manomi, na bi na iri da duk waɗanda suka gaje shi, na bi sabon gyaran layi-layi har idona ya yi ruwa. Na sake bin duk gwaje-gwajena, duk sun ce lafiya. Ni na rubuta shi, idona ya saba da shi, inda na karkace nan nake gani daidai. Ban same shi ba, Uwata.

Ga shi hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ƙungiya ta ce da an yi ruwa mai kyau za a buɗe mangaza. Mutane za su zo su yi layi da buhunansu, ban san a kan wa abin zai faɗa ba, ko mace ko namiji, ko a nan ko a Agiye. Kuma in ya faɗa, kin dai ji irin mutanenmu, haƙuri za su ba juna su koma gida. Duk duniya mutum ɗaya ya san inda yake.

Allah Ya yi maki albarka, Ya sa ki fara a sa'a, Ya ba ki shugabanni masu jin magana da abokan aiki masu amana. Allah Ya tsare mutuncinki da lafiyarki, Ya kare ki a fita da shiga, Ya dawo mana da ke lafiya. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki suna gaishe ki.

In kin huta kin ci abinci, ki kira ni. Kada ki ba innarki saƙo ta kawo mani, kada ki rubuto a waya. Ki gaishe ni in amsa, in tambaye ki hanya ki ce lafiya. Daga nan zan yi shiru, kwamfuta tana buɗe a gabana, bik yana hannuna. Komai daɗewar da za ki yi kafin maganar ta fito, ba zan kashe wayar ba.

Naki,
Babanki